Kiwo Ma Magani Ne, Kada Mu Raba Majiyyaci Da Dabbarsa

Yau ina so mu duba wani kuskure da muke yi wa majiyyatanmu, wanda muke ɗauka tausayi ne, alhali kuwa cutarwa ce. Kuskuren shi ne, da zarar mutum ya shiga doguwar jiyya, ko ya sami naƙasa, sai mu karɓe masa dukkan aikin da ya saba yi, mu shimfiɗa masa tabarma a ɗaki, mu ce ya huta, ai ga yara nan. Idan kuwa mace ce, abu na farko da mukan raba ta da shi, shi ne dabbobinta.

Bari in soma da abin da na gani da idona, domin gani ya kori ji. Ina da wata gwaggo, mace mai kazar-kazar, wadda ba a taɓa tarar da ita zaune ba aiki. Tana da awaki uku da kaji da 'yan tattabaru a bayan ɗakinta, kuma da kuɗin kiwon nan ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Wata rana da asuba hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Aka yi kwanaki a asibiti, aka sallamo ta. 'Ya'yanta suka sayar da awaki biyu don sayen magani, wannan kam babu laifi. Ɗayar da ta rage kuwa aka kai ta gidan maƙwabta, wai don kada kukanta ya dami mai jiki. Kaji da tattabaru aka bar wa jikoki.

Wata uku gwaggo tana zaune tana kallon bango. A asibiti an ba ta wata 'yar ƙwallon roba, an ce ta riƙa matsawa da hannun da ya shanye. Ta matsa kwana biyu, ta tura ta ƙarƙashin matashi, ta ce ita ba yarinya ba ce da za a ba ta abin wasa. Abinci sai an ba ta a baki, zane sai an ɗaura mata, gaisuwa ma da ƙyar take amsawa. Mu kuwa muna ta cewa ciwo ne ya yi nisa.

Ran da aka mai da ita ganin likita, sai aka tura su wurin wata ma'aikaciya. Matar nan ta durƙusa ta gaishe ta, sa'an nan ta ce, "Iya, kafin wannan lalura, in gari ya waye me kike fara yi?" Gwaggo ta ce, "Ina dama wa awakina dusa." Sai ma'aikaciyar ta dubi matar ɗanta ta ce, "To, ku mayar mata da akuyarta, ku kafa turke kusa da ƙofar ɗakinta. Daga yau kuma kada wanda ya dama dusar nan sai ita, ko da za ta ɓata rabin wuni."

Haka aka yi. Makon farko tana zaune a kujera, an ajiye mata ƙwarya a cinya, tana cusa hannun nan cikin dusa da ƙasari, hannun lafiya yana tallafa masa. Rabin dusar a ƙasa take ƙarewa. Daga nan ta soma watsa wa kaji tsaba. Daga nan ta soma takawa da sanda zuwa turke, taku shida ne kawai, jikanta yana gefenta. Abin da ya fi ba ta wahala shi ne ɗaure igiya, ta yi fiye da wata tana fama. Ba zan ce muku hannun ya koma yadda yake da ba, bai koma ba har ta bar duniya. Amma hannun da ya iya ƙulla igiyar akuya ya iya ɗaura zane, ya iya riƙe ludayi da buta. Ta daina jiran a ba ta abinci a baki, kuma muryarta ta dawo tsakar gida tana faɗa da yara a kan sun bar ƙofar akurki a buɗe.

Abin da ma'aikaciyar nan ta yi ba dabararta ce ita kaɗai ba. Wani fanni ne na aikin lafiya mai zaman kansa, wanda za mu iya kira jiyyar aiki, watau a yi amfani da ayyukan yau da kullum don a maido wa mutum ikon kula da kansa. Mai gashi yana duban ƙarfin tsoka da motsin gaɓa. Mai jiyyar aiki kuwa tambayarsa ita ce, mene ne mutumin nan yake so ya iya yi da kansa, wanka ne, ko girki, ko rubutu, ko komawa sana'arsa, kuma ta wace hanya za a kai shi can. A shekarar 1917 aka kafa ƙungiyar farko ta masu wannan aiki a Amurka, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya mata ne aka ɗauka suna koya wa sojojin da suka ji rauni saƙa da sassaƙa a gadon asibiti. Ƙungiyarsu ta duniya ta kafu a 1952.

Shigar da dabbobi cikin wannan aiki ma ya girmi ƙungiyoyin. A 1796 wani ɗan kasuwa mai suna William Tuke da jama'arsa suka buɗe gidan kula da masu taɓin hankali kusa da birnin Yok a Ingila. A zamanin nan mari da sarƙa da bulala su ne rabon irin waɗannan bayin Allah. Su kuwa sai suka ba su aikin lambu, suka saki zomaye da kaji a farfajiya, suka lura cewa mutumin da ba ya kula kowa yana iya tausaya wa ƙaramar dabba. Florence Nightingale, wadda 'yan makaranta suka sani da gyara aikin nas, ta rubuta a littafinta na 1859 cewa ƙaramar dabba abokiyar zama ce mai kyau ga wanda ya daɗe a kwance, kuma in yana iya ciyar da ita da kansa, a ƙarfafa masa gwiwa ya yi. A 1961 kuma wani masanin halayyar yara a Niyok, Boris Levinson, ya ba takwarorinsa labarin wani yaro da ya ƙi yi wa kowa magana, sai da ya tarar da karen likitan a ofis ya soma magana da karen, daga nan ya sake da likitan. Wasu sun yi masa dariya a wurin taron, amma daga baya abin ya zama fannin bincike.

Ko a ƙasar nan an taɓa gwada irin wannan tunani, ko da yake ba da dabba ba. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, kowane tare da ɗan'uwansa, da rana su je asibiti a duba su, da yamma su koma cikin jama'a. Hujjarsa ita ce, raba majiyyaci da rayuwar da ya saba ƙarin ciwo ne.

To, me ya sa akuya ta yi abin da ƙwallon roba ta kasa? Dalili na farko, ƙwallo ba ta jin yunwa. In ka ƙi matsa ta yau, babu abin da zai same ta. Akuya kuwa da gari ya waye za ta yi kuka, kuma macen da ta yi shekara arba'in tana kiwo ba ta iya jin kukan nan ta ci gaba da kwanciya. Masu jiyya sun san cewa hannun da ya shanye yana samun sauƙi ne ta yawan maimaita motsi, kullum, wata da watanni. Wahalar ita ce a sami abin da zai sa mutum ya maimaita ba tare da ya gaji ba. Kiwo yana zuwa da lokacinsa, safe da yamma, ba hutun Juma'a ba na salla.

Dalili na biyu, kusan dukkan motsin da ake so majiyyaci ya koya suna cikin kiwo. Damun dusa yana buɗe yatsu ya rufe su. Watsa tsaba yana motsa kafaɗa da gwiwar hannu. Tsintar ƙwai yana koya wa hannu riƙe abu a hankali ba matsewa ba saki. Zuwa turke da dawowa tafiya ce, sunkuyawa a zuba ruwa a kasko koyon tsayuwa ne ba tare da faɗuwa ba. Tuna wace kaza ce take kwanci, da kwana nawa ya rage ta ƙyanƙyashe cikin ashirin da ɗaya, aikin ƙwaƙwalwa ne.

Dalili na uku shi ne mutunci. Mai doguwar jiyya kullum shi ake yi wa, a ɗaga shi, a wanke shi, a ciyar da shi, har ya soma ganin kansa kaya ne a wuyan mutane. Wannan baƙin ciki yana kashe zuciya, zuciya kuwa in ta mutu jiki ba ya tashi. Ran da aka ba shi ran da zai kula da shi, sai ya zama shi ma ana jiransa. Bugu da ƙari, dabba ba ta ƙyamar karkataccen baki, ba ta gajiya da mai in'ina, ba ta cewa "Allah sarki" a gabansa.

Akwai kuma labarin wata mace da nake so 'yan mata su riƙe. Lis Hartel 'yar ƙasar Denmak ce, gwanar hawan doki. A 1944, tana da shekara 23 kuma tana da juna biyu, shan-inna ta kama ta. Ta haihu lafiya, amma daga gwiwa zuwa ƙasa ƙafafunta ba su sake motsi ba. Ta nace ta koma kan doki, sai an ɗora ta, sai an sauko da ita. A wasannin Olamfik na 1952 a Helsinki, karon farko da aka bar mata su yi gasar sarrafa doki tare da maza, ita ta zo ta biyu, kuma ta sake zuwa ta biyu a 1956. Nasararta ta sa masu jiyya a Turai suka mai da hankali ga doki, har aka kafa ƙungiyoyin hawan doki na naƙasassu a Ingila da Amurka a 1969. Sirrin kuwa shi ne, tafiyar doki tana juya ƙugun mahayi gaba da baya da gefe, kusan yadda ƙugu yake juyawa in mutum yana tafiya da ƙafarsa. Saboda haka yaron da ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni wajen haihuwa, wanda bai taɓa takawa ba, jikinsa yana koyon miƙe baya da riƙe kai a kan dokin. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna, ko da yake ɗigon rigakafi yana nan wajibi, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan cikin gidajenmu, kuma sun cancanci abin da ya fi a tura su bara bakin titi.

Na san wata za ta ce, ai Turawa da kare suke wannan abu, mu kuwa ba ma shigar da kare ɗaki. Gaskiya ne sun fi amfani da kare, domin shi ne dabbar gidansu. Amma maganin ba a jikin karen yake ba, yana cikin aikin da shaƙuwar. Su ma a gonakin jiyya suna amfani da awaki da tumaki da zomaye da jakai. Abin da suke kashe kuɗi su kawo asibiti da mota, mu yana ɗaure a tsakar gidanmu. Kuma dabbar da mutum ya saba da ita tun yana da lafiya ta fi baƙuwa amfani.

Wata kuma za ta ce, to shi ke nan, sai mu bar asibiti mu kama akuya. A'a, 'yar'uwa, kada ki yi mini wannan fassara. Kiwo ba ya sauke hawan jini a madadin ƙwaya, ba ya tsai da farfaɗiya, ba ya warkar da taɓin hankali shi kaɗai. Akwai wani bincike da aka buga a Amurka a 1980, inda aka bi masu ciwon zuciya 92 shekara guda bayan an sallame su. Cikin 53 masu dabba a gida, 3 suka rasu. Cikin 39 marasa dabba, 11 suka rasu. Abin ya ja hankali ƙwarai, amma masana sun yi gargaɗi cewa adadin mutanen kaɗan ne, kuma mai yiwuwa masu dabbar tun farko sun fi ƙarfin jiki. Don haka matsayin dabba shi ne mataimakiya. Likita da magani suna gaba, ita tana biye.

Sa'an nan akwai hatsari, kuma tilas in faɗe shi, domin rigakafi ya fi magani. Mai shanyewar jiki in ya faɗi yana iya karya ƙugu, saboda haka kada a bar shi da dabba shi kaɗai a farko, kada a ba shi bunsuru ko rago mai tunkuyi, kada ya naɗa igiya a wuyan hannu, kuma a share wurin a hana santsi. Mai asma a nisanta shi da gashin kyanwa da ƙurar akurki. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, kada kuma ta karɓi haihuwar akuya da hannu tsirara, domin akwai cututtukan da ke bi ta nan su taɓa abin da ke cikinta. Madara a tafasa ta. Hannu a wanke da sabulu bayan kowane aiki, kafin a ci abinci. In kaji suka soma mutuwa da yawa, a janye majiyyaci da yara daga wurinsu a kira malamin dabbobi, domin murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006. Wanda kare ko kyanwa ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar, domin ciwon haukan kare in ya bayyana ba a tashi. Doki kuma, kada wani ya ji labarin Lis Hartel ya ɗora naƙasasshen yaro a kan ingarman hawan salla. Inda ake wannan jiyya, doki ne mai sanyin hali da aka horar, mutum ɗaya yana jan linzami, wasu suna tafe a gefen yaron, kansa da hular kwano, kuma sai likita ya yarda.

Ita ma dabbar tana da hakki. Majiyyacin da yake da saurin fushi ko duka, ko yaron da bai san zafin matsa ɗan tsako ba, a zauna tare da su. In mai jiki ya kasa ciyar da ita wata rana, wani ya ciyar, kada a bar ta da yunwa wai don a tilasta masa tashi.

To, yanzu me ya rage gare mu? Ke uwargida da kike jiyyar uwar miji, ko miji, ko ɗa, in kun koma asibiti ki buɗe baki ki tambaya ko akwai sashen masu jiyyar aiki, domin an fi samunsu a manyan asibitocin koyarwa da na ƙashi da na ƙwaƙwalwa. In babu, ki gaya wa mai gashi irin aikin da mai jikin ya saba, ki tambaye shi wanne zai iya somawa da shi, wanne kuma zai jira. Ki soma da ƙarami, yana zaune, minti kaɗan. Abu mafi wuya shi ne ki riƙe hannunki. Za ki ga dusa tana zuba, za ki ga aikin minti biyar ya ci awa guda, zuciyarki za ta ce ki karɓa ki yi. Kada ki karɓa. Maƙwabta ma za su yi surutu, su ce kin sa tsohuwa bauta. Ki yi musu bayani, in sun ƙi ji ki ƙyale su, ranar da ta ɗaura zanenta da kanta za su yi shiru. In kuma tilas ta sa a sayar da dabbobi don magani, a yi ƙoƙari a bar mata ko da kaza biyu ne. Ƙwan da za ta sayar ya zama nata, ta ƙulle kuɗin a bakin zanenta.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne kuka fi kusa da kakanninku da ƙannenku masu lalura. In an ce ki ba kaji tsaba, ki kai wa kaka ƙwaryar ki tsaya a gefenta. In kina da ƙane mai raunin yatsu, ki bar shi ya tsinci ƙwai yana ƙirgawa. Sa'an nan ku sani aikin lafiya bai tsaya ga likita da nas da ungozoma ba. Jiyyar aiki ilmi ne da ake karantawa a ba da shaida, masu shi kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasarmu. Matan da ke cikin gidaje sun fi sakewa da 'yar'uwarsu mace wadda ta san yarensu, ta san turke da akurki da murhu. Wadda ta tambayi gwaggo me take fara yi da safe, da tambaya ɗaya ta yi mana abin da muka kasa cikin wata uku.

Allah Ya ba majiyyatanmu lafiya, Ya ba masu jiyya haƙuri da lada. Wadda ta taɓa gwada irin wannan a gidanta, ta rubuto mana yadda ta kaya don sauran 'yan'uwa su ƙaru.